Takardar Viviane da takardar Yayarmu



Mu huɗu ne a ɗakinmu, mace ɗaya maza uku, kuma macen ce babba. Mu mazan ne muke wannan rubutu. Mun daɗe muna shawarar ko mu fitar da shi ko mu bar shi cikin gida, sai ita da bakinta ta ce mu rubuta, amma kar mu kama sunan kowa. Magana ce a kan wata ƴar fim Bayahudiya ta ƙasar Isra'ila, sunanta Ronit Elkabetz. Mun san daga nan wasu za su ce a'uzubillahi su wuce gaba. Ba mu ga laifinsu ba, don mu ma abin da muka fara faɗi ke nan.

Autanmu ne ya zo da finafinanta daga Yamai cikin kile, lokacin da ya dawo hutu gida Maraɗi. Da dare muna zaune a zaure ana dafa shayi, ya buɗe kwamfuta. Da babbanmu ya ji ko na su wane ne, sai ya aje kofi ya ce, "Kai yaro, duk finafinan duniya ka rasa na kawowa gidan nan sai na mutanen da ke ruwan wuta a Gaza?" Auta ya ce, "Yaya, ba ni minti goma kawai. In bai yi ba, kai za ka kashe da hannunka."

Bari mu faɗi wannan tun da wuri don kar a juya mana magana. Zuciyarmu tana tare da Falasɗinawa jiya da yau, kuma babu fim ɗin da zai canza haka. Ƙasarmu ma ta yanke hulɗa da Isra'ila tun 2002. Matar da muke magana a kanta ta rasu a 2016, ba mu zo wanke gwamnatin ƙasarta ba, ba mu zo wanke sojojinta ba. Abin da muka gani cikin mintin goman nan ne ya kawo mu.

Fim ɗin sunansa da Faransanci Prendre femme, ya fito a 2004. Labarin yana faruwa a birnin Haifa a 1979. Da an buɗe, fuskar mace ce ta cika allon, ba ta cewa komai. Muryoyin maza kawai kake ji sun kewaye ta. Ƴan uwanta ne na jini, sun taru cikin dare don ta ce ta gaji da auren. Wannan ya lallashe ta, wancan ya yi mata faɗa, wani ya tuna mata ƴaƴa, wani ya tuna mata sunan gida. Ita dai tana zaune. A ƙarshe aka sasanta, wato aka mayar da ita.

Minti goma ya wuce, babbanmu bai kashe ba. Shayin ma ya ƙone a kan gawayi, ba wanda ya kula. Don wallahi zaman nan mun yi shi. Mun yi shi har sau uku, a wannan zauren da muke ciki, Yayarmu tana kan tabarma kanta a sunkuye, mu muna ta zuba.

Za mu dawo kan Yaya. Bari mu fara gaya muku wace ce wannan mata, don daga baya mun bi tarihinta sosai.

An haifi Ronit Elkabetz a 1964 a garin Beersheba, kudancin Isra'ila, ta girma a Kiryat Yam kusa da Haifa. Iyayenta Yahudawan Maroko ne, asalinsu garin Essaouira. Uwar mai gyaran gashi ce, uban ma'aikacin gidan waya. Ita ce babba, ƙannenta uku duk maza. Da muka kai nan a karatun sai muka kalli juna. Yahudawan da suka fito daga ƙasashen Larabawa ba su sami tarba irin ta waɗanda suka fito daga Turai ba. An zuba da yawansu a garuruwan gefe, ana yi musu kallon ƙauyawa, yarensu da kiɗansu abin raini. Shi ya sa a finafinanta za ka ji mutum ya fara magana da Ibrananci, ya juya Faransanci, in rai ya ɓaci ya koma Larabcin Maroko. Mu da muke haɗa Hausa da Faransanci a jimla ɗaya, wannan bai zame mana baƙo ba.

Da tallan tufafi ta fara, sai ta shiga fim a 1990. Ba a daɗe ba ta yi suna, ta ci kyautar Ophir, wadda ita ce babbar kyautar fim a ƙasarsu, saboda rawar da ta taka a Sh'Chur na 1994. A 1997, lokacin da kowa ya san ta a gida, sai ta tattara ta tafi Paris inda ba wanda ya san ta, ta shiga koyon wasan daɓe wajen Ariane Mnouchkine, tana aikin kai abinci a gidan cin abinci don ta riƙe kanta. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani ya san ɗacin wannan: a garinku ana gaishe ka da girma, a can kana share tebur.

Daga nan ƙofofi suka buɗe ta ko'ina. Mariage tardif a 2001, inda ta fito a bazawara mai ɗiya ɗaya wadda dangin saurayinta suka ƙi. Mon trésor a 2004, wanda ya ci kyautar Caméra d'or a bikin finafinai na Cannes. La Visite de la fanfare a 2007, labarin ƴan badujalar ƴan sandan Masar da suka ɓata hanya suka kwana a wani ƙaramin gari cikin hamadar Isra'ila, ita ce mai shagon abincin da ta sauke su. Wannan shi ya fi yawo a duniya, kuma in kuna neman na dariya da tausayi, da shi za ku fara. A Faransa ta fito tare da Catherine Deneuve a La Fille du RER na André Téchiné a 2009. A talabijin ta fito a matsayin firaminista cikin Trepalium na tashar Arte. A 2015 ita ta shugabanci alƙalan sashen Semaine de la critique a Cannes.

To duk wannan jerin ba shi ya riƙe mu ba. Ƴan fim da suka yi suna a ƙasashen waje suna da yawa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, macen da ta samu wannan hanya, maimakon ta miƙe ta manta baya, sai ta riƙa dawowa kan labarin mace ɗaya tak. Ita da ƙanenta Shlomi suka zauna suka rubuta, suka ba da umarni tare, ita kuma ta hau rawar. Matar sunanta Viviane, mai gyaran gashi ce kamar uwarsu, kuma ba su ɓoye ba cewa daga gidansu suka ɗebo labarin. Fim uku, shekara goma: 2004, 2008, 2014. Duk a kan abu guda, mace tana son ta fita daga aure, an hana ta.

Na biyun, Les Sept Jours, zaman makoki ne. Wani ɗan uwa ya rasu a lokacin yaƙin Gulf na 1991, dangi suka taru a gida ɗaya kwana bakwai kamar yadda al'adarsu ta ce, ana kwana a ƙasa, jiniya tana kuka ana saka abin rufe fuska na kariya daga iskar guba. Kafin bakwai ta cika, maganar kuɗi da bashi da tsohuwar gaba duk sun fito fili. Wanda ya taɓa zaman makoki a babban gida ba sai an yi masa bayani ba.

Na ukun shi ne ya hana mu barci. Le Procès de Viviane Amsalem, a yarensu Gett. Kalmar nan gett ma'anarta takardar saki. Takarda dai, irin wadda mata suke cewa "ba ni takardata" a nan.

Sai mun ɗan yi bayani. A Isra'ila babu auren gwamnati. Auren Bayahude da sakinsa suna hannun kotun malamansu, kamar yadda na Musulmin can yake hannun kotun shari'a. A dokar addininsu kuma, aure ba ya mutuwa sai miji ya ba da takarda da yardar kansa. Marubuci na musamman ne yake rubuta ta da hannu, layi goma sha biyu, da shaidu biyu, miji ya saka ta cikin tafin hannun matar. In ya ce a'a, alƙalai za su iya matsa masa, su karɓe lasin tuƙinsa, su rufe asusunsa na banki, har su ɗaure shi. Amma ba za su iya raba auren da kansu ba. Matar da aka bari haka suna ce mata aguna, wato ɗaurarra. Ba ta da miji, ba ta da damar yin wani, in kuma ta haihu da wani namiji, tabon yana bin ɗan har zuriyarsa.

Fim ɗin kusan awa biyu ne, kuma ba ya fita daga ɗakin shari'a da ɗan barandar jira. Farin bango, tebura, alƙalai uku masu gemu a sama. Viviane ta bar gidan mijinta shekara uku, tana neman takarda. Rubutu yana fitowa a allo: bayan wata shida, bayan wata uku, bayan wata biyu. Yau mijin bai zo ba, a ɗage. Gobe ya zo ya ce bai saki. A ce mata ta koma gida ta gwada na wasu watanni. Ta koma, ta dawo. Haka har shekara biyar. Simon Abkarian ne ya fito a mijin, kuma bai yi shi mugu mai zare ido ba. Mutum ne mai ibada, mai sanyin murya, wanda ko a unguwarku yake za ku ce a ba shi limanci.

Tambayoyin alƙalan su ne suka kashe mana jiki. Yana dukanta? A'a. Yana ciyar da ita? Yana yi. Yana neman mata? A'a. To mene ne dalili? Ta ce ba ta son sa, ba za ta iya zama da shi ba. Su kuma a wurinsu wannan ba dalili ba ne. Sai aka shiga kiran shaidu, dangi da maƙwabta. Har ɗan uwanta da aka kira don ya tsaya mata, da ya buɗe baki sai ga shi yana yabon mijin. A hankali shari'ar ta juye, aka bar maganar taurin kan miji aka koma binciken mutuncin matar: da wa aka gan ta, me ke tsakaninta da lauyanta. Akwai inda ta kwance gashinta ba tare da ta lura ba, alƙalai suka yi mata ca kamar ta yi sabo.

Ita Ronit, yawancin fim ɗin ba ta magana. Fuska ce kawai, fara fat, da baƙin gashi da baƙaƙen tufafi. Kana ganin dariyar takaici tana son ta kuɓuce mata, tana danne ta. Sai can kusa da ƙarshe ta fashe, ta wanke alƙalan tas. Mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya yi wasa da shiru kamar matar nan ba, kuma muna kallon na Indiya da na Kano tun muna yara.

Yanzu Yayarmu.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan mijinta. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Hatsi bai yanke ba, kayan salla ba su yanke ba. Abin da yake yi shi ne shiru. Sai ya yi wata guda bai ce mata uffan ba, saƙo sai ta bakin yara. In ta gaishe shi ya kalli bango. In ta yi girki ya aika a sayo masa na waje, ya ci a gabanta. Ba ta da tabon da za ta nuna wa kowa. Ta yi yaji sau uku, sau uku muna zama a zaure muna yi mata tambayoyin nan guda uku, da Hausa. Yana dukanki? Ya hana ki abinci? To Yaya mi kike so? Ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, ki dubi yaran nan. Na ukun ma ba mu jira biko ba, ɗayanmu ne ya ɗauke ta a babur ya mayar da ita da kansa, yana jin ya yi abin kirki.

Na huɗu ta ce ko za a yanka ta ba ta komawa. Shi kuma ya aiko cewa ba ya saki, sai dai ta tsufa da igiyarsa. Ya yi sabon aurensa, ita tana ɗakin Inna tana ɗinki. Shekara huɗu. Ba matar aure ba, ba bazawara ba. Wani mutumin kirki ya so ya fito, da ya ji akwai igiya a kanta ya janye, kuma daidai ya yi.

Ga inda muka fi jin kunya. Da muna kallon fim ɗin, da farko har muna cewa kai, Allah mun gode maka da Musulunci. Kuma gaskiya ne, akwai bambanci babba. Alƙalan Viviane hannunsu a ɗaure yake, dokarsu ba ta ba su ikon raba aure ba. Mu namu addinin ya hana a bar mace a rataye. Ya ba ta hul'i, ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure in cutarwa ta tabbata, ko miji ya so ko bai so ba. Ƙofa a buɗe take, kuma mun san da ita, mun yi makarantar allo, muna jin wa'azi. To me ya zaunar da Yayarmu shekara huɗu? Mu ne. Mu muka ce gidanmu ba a kai suruki gaban alƙali, abin kunya ne. Kuma tunda an ce a faɗi gaskiya, babbanmu yana karɓar kaya bashi a shagon mijin, bai so hulɗar ta lalace. Shi ya ce a rubuta wannan layin, ba mu muka tilasta shi ba.

Kar ku zaci fim ne ya sa muka tashi muka ƙwato mata haƙƙinta. Ina! Kafin Auta ya zo da kilen nan, an yi shekara guda da gama komai, kuma ba da mu aka yi ba. Gwaggonmu ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ɗauki sandarta wata safiya ta ce, "Tashi ɗiyata, tunda mazan gidanga sun mutu." Su biyu suka tafi gaban alƙali. Zama uku aka yi. Aka kira mijin, aka saurari kowa, aka yanke ta mayar da sadaki jikka tamanin. Ta sayar da keken ɗinkinta da tunkiya ɗaya ta biya. Ko dala ba mu sa ba. Ranar da ta dawo da takarda mun ce mata barka, ta ce yauwa, muka ci gaba da harkokinmu kamar ba a yi komai ba. Abin da ya ɗauki zama uku, mun bar shi ya ci shekara huɗu na rayuwarta.

Fim ɗin Gett ya zagaya duniya. An nuna shi a Cannes a 2014, ya ci kyautar Ophir ta fim mafi kyau, ya shiga takarar Golden Globe a Amurka. Shekara biyu bayan haka, ranar 19 ga Afrilu 2016, Ronit Elkabetz ta rasu da ciwon daji tana da shekara 51, ta bar tagwaye ƙanana. Ƙanenta Shlomi daga baya ya haɗa hotunan da ya riƙa ɗaukarta ya yi fim a kanta, Cahiers noirs, aka nuna a Cannes a 2021. Muna yawan tunanin yaron nan. Shi ma ƙane ne, a gida irin namu ya tashi, ya ga abin da muka gani. Shi ya zauna gefen yayarsa shekara goma suna faɗin abin da ya faru. Mu kuwa babur muka tayar.

Mun yi gardama ko mu nuna wa Yaya. Na tsakiyarmu ya ce fami ne, a bar ta. A ƙarshe Auta ya kai mata kwamfutar ɗakin Inna bayan isha'i, mu biyu muka tsaya daga bakin ƙofa. Yaya ba ta yi lakwal ba, ba ta karanta Faransancin da ke ƙasan allo, sai Auta yana fassara mata. Can wajen shaida na biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Bar shi hakanan, Auta. Na san abin da suke cewa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ma yi dariya sau biyu, a wajen wata shaida mai baki da ta tsaya tana gaya wa alƙalai magana, ta ce wannan Gwaggo ce sak. A ƙarshen fim mijin ya yarda zai ba da takarda, amma da sharaɗin Viviane ba za ta ƙara kusantar wani namiji ba har abada, ita kuma ta amsa. Hoton ƙarshe ƙafafunta ne suna tafiya. Auta ya ce shi wannan ƙarshen ya ba shi haushi, ai ba ta ci riba ba. Yaya ta ce, "Kai yaro ne. Ni ma da ya ce haka, da na amsa."

Ta tambaya ko matar tana nan da rai, aka ce ta rasu. Ta ce Allah sarki. Sai ta tambaya wa ya tsaya mata ta yi fim ɗin, Auta ya ce ƙanenta. Ta juyo ta kalli bakin ƙofa inda muke tsaye, ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga shimfiɗa wa yara.

Da sati ya zagayo muka haɗa kuɗi mu uku muka sayo keken ɗinki, sabo, irin mai ƙafa. Babbanmu ya shirya jawabin da zai yi, tun a hanya yake maimaitawa. Da muka shiga da shi tana tsakar gida tana tankaɗe. Ya fara, "Yaya, dama mun zo ne mu ce..." Ta ce, "Ku aje shi can kusa da taga, nan ya fi haske. Ku yi hankali da ƙofar, tana kama kaya."

Muka aje shi kusa da taga. Ta aiki Auta ya sayo mata man keke da zare baƙi da fari.